Watandar Baban Safiya

Ku gyara zama, ku ara mini kunnuwanku, in na gama zan mayar muku. Abin da zan faɗa ba tatsuniya ba ce, don ita tatsuniya ana ƙare ta a tashi ana dariya. Wannan tafiya ce da ƙafata ta yi, daga Garwa har bakin ruwan Kuseri, ina neman sunan abin da ya kashe mini mutum.

Mutumin nan shi ne na fari a cikina. Kun dai san al'ada, uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Tun ranar da aka yanka masa rago bakina bai taɓa kiransa ba. Yana ƙarami "kai yaro" nake cewa. Ya girma ya shiga fataucin wake, na bi bakin 'yan kasuwa ina ce masa Mai Wake. Da ya haihu sai na huta, na koma Baban Safiya. Kakanninmu fatauci ne ya kawo su daga Katsina suka zauna a Garwa. Fulatanci ya shiga bakinmu, Faransanci ya shiga bakin 'ya'yanmu, amma wannan kunyar ba ta bar mu ba.

A Mokolo yake saro wake, ya tara a Marwa, ya kai Kuseri. A waya aka gaya mana ya rasu, an ma riga an binne shi. Jakarsa ce ta dawo a hannun direba. Muka tambayi direban me ya same shi, ya ce, "Kwana ne ya ƙare, Daada." Muka ce haka ne.

Da a nan abin ya tsaya, da na haɗiye. To sai Safiya ta fara ramewa. Yarinyar da surutunta ke hana ni gyangyaɗi, ta koma sai dai ta kwanta a ƙafata tana tari ƙasa-ƙasa, yamma na yi jikinta ya ɗau zafi. Na goya ta zuwa lopital. Likitan, wani dogon mutum mai sanyin murya, ya sa aka ɗau hoton ƙirjinta, aka ɗebi jini, sannan ya dube ni.

"Daada, ciwon yara ɓoyayye ne. Ba ta iya kakaro majina mu duba, hoton ma bai fito fili ba. Me ya kashe ubanta?"

Na ce, "Kwana ne ya ƙare."

Ya ce, "Na yarda. Amma ta wace ƙofa? In babban tari ne, wato tarin fuka, yau zan ɗora ta a kan maganinsa. Sai dai magani ne mai nauyi, wata da watanni ake sha, ba na son in jibga wa yarinya shi a kan zato. Ki samo mini sunan ciwon."

Hajara, uwar yarinyar, tana cikin takaba, ba ta fita. Sani, ƙanen mamacin, da babur yake ciyar da gidan gaba ɗaya, in ya jingine shi yini guda tukunya ta kwana a kife. Ya ce, "Inna, ke da ko Pitowa da ke nan bayan gari ba ki taɓa wucewa ba?" Na ce, "Mai baki ba ya ɓata." Safiya ta ɗago kai daga tabarma ta ce, "Tsohuwa, in kin je ki sayo mini kifin Kuseri. Ba irin na nan mai ƙaya ba."

Zangon farko Marwa.

Mota ta zubar da mu a azans, tashar mota ke nan, masu babur suka yanyame ni kamar ƙudaje sun ga mangwaro. Na ce a kai ni unguwar Dugoi, gidan da Mai Wake ke sauka. Suka kwashe da dariya.

"Daada, wane Mai Wake? Rabin Dugoi ai masu wake ne. Ba shi da suna?"

Na ce yana da shi. Suka ce to faɗi. Na sunkuyar da kai. Wani mai furfura a gemu daga cikinsu ya daka musu tsawa da Fulatanci, ya ce ba su da ido ne, ba su ga ɗan fari ne ba? Shi ya ɗauke ni, muka yi ta bin inuwar dalbejiya gida-gida, ina cewa ɗan Garwa ne, yana da tabo a gira, in zai yi dariya sai ya rufe baki da hannu. A tabon nan aka gane shi.

Mai gidan wata bazawara ce, Dada Asta, tana ba fatake hayar ɗakuna. Ta buɗe mini ɗakinsa. Buhuna a jibge har rufi, warin hodar da ake zuba wa wake don ƙwari ya cika hanci, sallayarsa a naɗe a kan buhu. A nan yake kwana, tsakanin buhu da buhu. Ban yi kuka ba, don a gaban mutane uwa ba ta yi wa na fari kuka. Na dai ce ɗakin yana da duhu.

Dada Asta ta ce, "Tari kam ya yi shi. Damina guda cur, har maƙwabta sun san shigowarsa da tarinsa. Na kora shi ƙaramin lopital na unguwa, suka ce ya kawo majina ya dawo. Ranar da zai koma aka yi lodi, ya bi mota."

Wani ɗan haya da ke alwala a tsakar gida ya tsoma baki ya ce, "Ba wani babban tari. Hodar wake ce, dukkanmu muna yin sa." Ya yi tari sau biyu don in gani.

Na je ƙaramin lopital ɗin. Ban kai ga ƙofa ba wani mai farar riga da alƙalami a aljihu ya tare ni, ya karɓi ƙullin kayana, ya kira ni Mama. Na zayyana masa komai. Ya ce, "Wannan ai ƙaramin aiki ne. Me likitan Garwa yake son ji?" Na ce ba abin da yake son ji nake nema ba, abin da ya faru nake nema. Ya ce ai duk ɗaya ne. Ya dubi 'yan kunnena, na auren fari, ya ce masu binciken takardu sai da ɗan abin shan ruwa. Na cire na ba shi. Ya shiga ta wata ƙofa ya fito ta wata, ya miƙo mini takarda da hatimi shuɗi.

Da ɗan hayar nan ya karanta a gida, sai ya riƙe baki. Ya ce an rubuta babban tari ne ya kashe Misye Maiwake, hatimin kuma na wurin koyon tuƙin mota ne. Sai a sannan na tuna mutumin ko sunan mamacin bai tambaye ni ba. Dada Asta ta tafa hannu ta ce, "Kin ba da zinariya kin sayo iska." Ta ce amma in kai wa likitan haka nan, wa zai tsaya duba hatimi? Na ce a'a. In ba tarin ba ne fa, in sa a ɗura wa yarinya maganin da zai ci mata hanta, a kan ƙarya? Na jefa takardar a murhu.

Na koma lopital ɗin ta ƙofar gaskiya. Matar da ke wurin ta ce masu tari da suka zo ba su dawo ba suna da yawa, ana sa su cikin waɗanda ake zato, in an ji sun mutu a ce tari ya ci. Amma ita ba za ta rantse ba. Na ƙulle wannan a bakin zane. Na zauna da matan Dugoi ina tsintar wake ana biyana, har na haɗa abin mota. Da yamma in na ji kiran salla, sai in ji ba muryar ladaninmu ba ce.

Zango na biyu Mokolo.

Ban taɓa sanin Allah ya tara duwatsu haka a wuri guda ba, wani a kan wani kamar an jera tukwane, mutane kuma suna noma a tsakaninsu. Ranar kasuwa na isa. Babura sun fi mutane, kowa da buhu a baya. A layin wake na yi ta faɗin tabon gira, har aka nuna mini wata mata mai suyar gyaɗa, sunanta Mariya, 'yar mutanen dutse ce, Kirista. Ba ta jin Hausa, Fulatancinta kuma guntu-guntu. Da ta gane ko ni wace ce, sai ta ajiye matankaɗi ta rungume ni a tsakiyar kasuwa.

Da hannu ta ba ni rabin labarin. Ta nuna gindin bishiyar da ya faɗi. Ta dafe ciki, ta nuna baki, ta nuna ƙasa. Ita da ɗanta suka ɗora shi a babur. Lokacin zawo da amai ya shigo garin, an kafa rumfar tamfol a bayan lopital, mai shiga sai ya taka ruwan magani.

Ta raka ni wurin. Rumfar an naɗe ta, sai ramukan turaku. Wani ma'aikaci mai jin Hausa ya ce ya tuna shi, don shi ne ya tsinke ƙarin ruwa da kansa ya ce wakensa na jiransa a tasha.

Na ce, "To kwalara ce?"

Ya ce, "Mama, a kwanakin nan duk wanda ya zo da zawo a kwalara muke sa shi, ba mu da sararin tantancewa. Da labari ya zo cewa ya mutu a gaba, mun aika sama cewa ɗaya daga cikin namu ya tafi."

"Amma ya tashi da ƙafarsa."

"Ya tashi. Ita ma takan bar mutum ya tashi."

A gidan Mariya na sauka. Ta san ba na sha a ƙwaryar da suke shan giyarsu, ban ce mata komai ba, sai ga ta da sabuwar ƙwarya daga kasuwa, ko wanke ɗacinta ba a gama yi ba. Ta shimfiɗa mini tabarma ta nuna mini gabas. Da zan tafi ta shiga ɗaki ta fito da buta shuɗiya, an ɗaure hannunta da waya. Ta Baban Safiya ce, ya bari a gindin bishiya. Ta adana, tana jiran ya dawo saro.

A tashar Mokolo na sa aka kira mini gida. Hajara ta ce, "Inna, ko kunu ba ta riƙewa." Na ji murya can nesa, siririya kamar zare: "Ki tambaye ta ko ta sayo kifin." Na ce a gaya mata saura ƙiris. Yanzu ina da suna biyu a bakin zane, kuma likita ɗaya ya ce in kawo.

Zango na uku Kuseri.

Daga Mora hanya ta lalace, rami na bin rami. Shinge kuma ba iyaka. Kowane shinge sai jandarma ya karɓi kartina na shaida, ya ga ta tsufa, ya ji Hausa a bakina, ya ce daga Najeriya na tsallako. A sauke ni a zaunar a rana. Ni da aka binne cibiyata a Garwa, da ta uwata, da ta kakata. Direbanmu wani Bashuwa ne mai faɗa, shi yake sauka yana ɗaga hannu yana cewa, "Ku dubi tsohuwar nan da butarta! Ita ce za ta ci ƙasarku?" Haka muka yi ta yi har muka shiga garin.

Kuseri gari ne da kunne ba ya hutawa: Larabci ta nan, Barbarci ta can, Faransanci a bakin masu kaki, Hausa a cikin rumfuna. Ga kogi, ga wata ƙasa a tsallake ana hango gine-ginenta. Sauro kuwa ko da rana ba ya kunya. Na nemi Alhaji Bukar, wanda ke sayen waken, shi ne ya kira mu ranar rasuwar. Ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo shayi.

Ya ce, "Hajja, zazzaɓi ne. Na sauro. Ya iso yana rawar ɗari, idonsa ya yi rawaya. Na sa aka kira mai allura, ya ce zazzaɓi ne, ya yi masa. Da abin ya ƙi, na sa shi a motata. A bakin ƙofar babban lopital ya cika, kansa a cinyata."

"Yana tari?"

"Wa ba ya tari a shagon wake?"

Ya haɗa ni da wanda ya yi masa wanka, wani tsoho mai rawani, Malam Abakar. Na tambaye shi me ya gani. Ya ce shi wanka yake yi, abin da ya gani a jikin mamaci amana ce. Na ce jikata ce a kwance. Ya daɗe yana jan casbi, sannan ya ce, "Abu ɗaya zan gaya miki. Da muka ɗaga shi, na zaci yaro ne. Babu nauyi." Ya kai ni maƙabarta, na tsaya daga bakin shinge. Ya miƙa sanda ya ce, "Daga waccan ƙaya zuwa wancan tulun da ya fashe, a nan tsakani yake. Ruwa ya daidaita su." Na yi addu'a ga duk na tsakanin.

Saura wuri ɗaya. Na je babban lopital, na bi layi har na kai taga. A ciki wani saurayi ne a gaban na'ura, wata mata mai shara ta tsaya tana yi mana tafinta.

"Sunan mamaci?"

Na ce, "Mai Wake ake ce masa."

"Wannan ba suna ba ne."

"Baban Safiya."

Ya ɗaga ido ya dube ni, ba da wulaƙanci ba, da gajiya. Ya ce ga layi a bayana. Na waiga, babu Alhaji, babu Malam, babu wanda ya san shi da zai faɗa a madadina. Mutanen layi sun fara tsaki. Na tuna muryar nan mai kama da zare.

Na ce, "Haruna."

Jama'a, da a ce zanena ne ya kwance a tsakiyar kasuwa, da ya fi mini sauƙi. Sunan ya fito da ƙyar. Tun yana cikin tsumma nake ɓoye shi a ƙarƙashin harshe, ashe a tagar baƙi zan fitar, ga wanda bai san fuskarsa ba, shi kuma mai sunan ba ya ji.

Saurayin ya daddanna. Ya ce ga shi, Haruna daga Garwa, an kawo shi ya riga ya cika. Na ce me aka ce ya kashe shi? Ya juyo da fuskar na'urar, ya nuna mini wani gurbi fari. Mai sharar ta ce, "Ba a rubuta komai ba, Hajja. Ba a sani ba."

Na fita na sayi kifi busasshe, mai tsoka, na sa mai kifin ya zare ƙayar.

A hanyar dawowa mota ta mutu a dajin Waza. Muka fito muka rarrabu a ƙarƙashin ƙayoyi, direba ya shige ƙarƙashin mota yana zagin ta. Kusa da ni wata mata ce mai gilashi, ta rungume jaka kamar jariri. Ta miƙo mini ruwa, ta gaishe ni da Hausa mai daɗi, ta ce uwarta 'yar Garwa ce. Sunanta Madam Jenabu. Na tambaye ta aikinta, ta ce a ofishin lafiya take, tana cikin masu ƙidayar matattu.

Na ce, "Ikon Allah. Har su ma ba a bar su sun huta ba?"

Ta yi murmushi. Ni kuwa da na ji haka, sai na kwance mata bakin zanena kaf: tari a Dugoi, kwalara a Mokolo, zazzaɓi a Kuseri, farin gurbi a taga. Na ce, "Ke da kike ƙidaya, a ina kuka sa shi?"

Ta cire gilashi ta goge. Ta ce, "Daada, kin san watanda?"

Na ce wa bai san watanda ba? A haɗa hannu a sayi sa, a yanka, a kasa.

Ta ce, "To haka aikinmu yake. Masu yaƙi da tari suna da nasu lissafin. Masu kwalara suna da nasu, masu zazzaɓi suna da nasu. Kowa na jan mamaci wajensa, don inda aka ga gawa ta yi yawa can ake tura magani. In kika haɗa abin da kowa ya ce nasa ne, sai matattu su fi kaburbura yawa. Kamar a yanka sa ɗaya, masu kaso su kawo naman sa biyu. To ba a yanka biyu ba. Shi ya sa ake fara tsayar da girman san: mutum nawa ne suka mutu gaba ɗaya. Sannan a yi manyan kaso, na cututtukan da ake ɗauka, na ciwon da jiki ke haifarwa, na haɗari. Kowane babban kaso a sake kasa shi ƙanana. Ƙananan ba za su wuce babbansu ba, manyan ba za su wuce san ba. Wanda ya ja da yawa, a tsakure masa."

"To nawa fa? A wane kaso yake?"

"Irin nasa, da aka bar gurbin fari, ba a barinsu haka. Ana duba sa'o'insa da aka san abin da ya kashe su, a raba shi a kansu. Kaɗan ga tari, kaɗan ga zazzaɓi, kaɗan ga zawo."

Na ce, "A raba shi? Mutum guda, da na haifa a dunƙule?"

Ta ce, "A lissafi, Daada."

Na dubi butar, na ce, "Shi san fa, wa ya auna shi?"

Ta ce, "Shi ma kintata ne. Yawancin mutanenmu a gida suke mutuwa, ko a hanya. Muna shiga wasu gidaje mu tambaya, mu auna sauran da su. Kuma ba kowa ke faɗa ba. Jaririn da bai kai suna ba, ba a lissafa mana shi. Wata uwar ma in kin ce ta ƙirga 'ya'yanta, sai ta tsallake na fari."

Na gyara zaman ƙullin kifin a cinyata.

Sai ta juyo gaba ɗaya ta ce, "Amma tsaya. Me ya sa kike neman sunan?" Na gaya mata zancen Safiya da likita. Fuskarta ta canza. Ta ce, "In ya zo Garwa, a ina yarinyar ke kwana?" Na ce a bayansa, ba ta yarda da kowa in yana gari. Ta kama hannuna ta matse.

"Daada, lissafinmu na ƙasa ne, ba ya gaya wa kaka abin da ke ƙirjin jikarta. Kuma likitan nan ba hatimi yake nema ba. Uba ya yi damina guda yana tari, ya rame har ya zama ba nauyi, yarinya na kwana a jikinsa. Wannan ya ishe shi. Abin da kika ji a Dugoi ya isa. Tun ranar ya kamata a kira shi."

Na ce, "Suna ya ce in kawo. Ni kuma ban sami wanda ya rantse ba."

Ta zaro waya, ta ɗaga sama, ta hau kan tudu, ta sauko. Babu layi a dajin. Muka zauna muna kallon ƙafafun direba a ƙarƙashin mota, rana tana tafiya, kifi yana cinyata. Ban taɓa ganin yinin da ya kai wannan tsawo ba. Sai da muka kusa Mora wayar ta kama. Ita da kanta ta yi magana da Sani, ta ce ya ajiye babur ya ruga lopital ya faɗa wa likita kaza da kaza.

An fara maganin kafin in iso. Na tarar da Safiya ta zama kamar tsinke, ido kawai. Na kwance mata kifin. Ta shinshina, ta ce, "Tsohuwa, kin daɗe." Ta ɗan lasa, ta ce a ajiye mata sai ta warke. Maganin ya shiga, amma ya tarar an riga shi. Ba ta ga ƙarshen takabar uwarta ba. Na tambayi likita, yanzu fa, tarin ne? Ya ce ya fi zaton haka. Ya fi zato.

To ga yadda kowa ya ƙare.

Hajara ta gama takaba ta koma gidan iyayenta a Maiganga. Na ji ta auri wani mai fataucin shanu, kuma ban riƙe ta da komai ba. Sani yana kan babur har yau, sai dai in ya ji ɗansa ya yi tari ko sau ɗaya, ya saɓa shi sai lopital. Likitan ya zo mana gaisuwa, ya zauna a ƙasa, ya ce da ya sani da ya yi mini tambayar ta wata fuska. Daga baya aka mayar da shi kudu. Dada Asta ta ba wani mai wake ɗakin, tsakanin buhu da buhu. Mai farar riga, an ce yana nan a bakin ƙofa da alƙalaminsa, kuma nakan tuna takardarsa da na ƙona, ƙarya ce da ta faɗi abin da ya fi kama da gaskiya. Alhaji Bukar ya aiko da buhun shinkafa. Malam Abakar ya bi waɗanda yake wankewa. Mariya ban sake ganinta ba, amma da butar da ta adana nake alwala. Madam Jenabu a azans ɗin Marwa muka rabu, ta rungume jakarta ta shige cikin mutane.

Ni kuwa ina nan. Bayan kaka wasu matasa biyu suka yi sallama, mace da namiji, da ɗan allo mai haske a hannu. Suka ce daga ofishin lafiya suke, suna bin gidaje. Na shimfiɗa musu tabarma.

Macen ta ce, "Daada, a yi haƙuri da tambaya. A shekarar nan an yi rashi a gidan nan?"

Na ce, "Biyu."

"Sunayensu?"

Na ce, "Safiya. Da ubanta, Haruna. Shi ne na fari a cikina." Sani da ke gyaran babur a zaure ya saki abin da ke hannunsa, don bai taɓa jin sunan a bakina ba.

Suka tambayi abin da ya kashe su. Na ba su duka, tun daga Dugoi har farin gurbi. Namijin ya sosa kai, ya dubi 'yar'uwarsa, ya ce, "To Daada, wanne za mu sa?"

Na ce, "Ku kasa yadda kuka saba, 'ya'yana. Ku ba tari nasa, ku ba zazzaɓi nasa, kada zawo ya ce an hana shi. Amma biyun nan ni na ƙirga, ba kintata ba ne. Kada wanda ya tsakure mini ko kaɗan."

Ga kunnuwanku nan, na gode da aro.